Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Gwamnatin Jamus, Friedrich Merz: Ina Alkawarin Schkopau?

Mai girma Shugaban Gwamnati,

Gaisuwa da fatan alheri. Barka da hawa kujera, ko da yake barkar ta makara, kuma ba ita ta kawo ni ba. Ni Bahaushe ne mazaunin Halle-Neustadt, ina biyan haraji a ƙasar nan kamar kowa, kuma yawancin dattawan da muke hawa matakala ɗaya da su tsofaffin ma'aikatan Buna ne, babbar masana'antar roba da sinadarai ta garin Schkopau da ke kusa da mu. Da Hausa na rubuto, domin da ita raina ke ɓaci. Tafinta ba zai yi maka wuya ba, tunda gidan rediyon da kuɗin tarayya ke ɗaukar nauyinsa a Bonn ya haura shekara 60 yana watsa shiri da wannan harshe.

Ka san abin da ya faru ranar 7 ga Yulin 2025. Kamfanin sinadarai na Amurka, Dow, ya fitar da sanarwa daga hedkwatarsa ta Midland a jihar Michigan cewa kafin ƙarshen 2027 zai kashe tukunyar fasa nafta (wani sashe na man fetur da ake yin roba da shi) ta garin Böhlen, ya kuma rufe sashen kulorin da binil na Schkopau. Mutum kusan 550 ne za su rasa aiki a wuraren biyu. Can ƙasan sanarwar, inda ba kowa ke kai ido ba, an ƙara da cewa aikin kwancewa da rushewa na iya kaiwa 2029. Rushewa fa, Yallaɓai. Sanarwar ba ta yi zancen neman mai saye ba. Tun watan Afrilu kamfanin ya riga ya faɗi cewa yana sake nazarin waɗannan wurare, don haka babu wanda zai ce masa ba-zata aka yi.

Bari in tuna maka da wata rana, 10 ga Mayun 1991. Helmut Kohl, shugaban gwamnati kamarka, shugaban jam'iyyar CDU kamarka, ya zo Schkopau ya tsaya gaban ma'aikatan Buna, ya ce zai yi duk iyakar ƙoƙarinsa don ganin yankin masana'antun sinadarai na tsakiyar Jamus bai mutu ba. A ranar dai, da ya ƙarasa Halle, aka yi masa ruwan ƙwai, har ya fusata ya yunƙura zai kutsa cikin jama'a sai da aka rirriƙe shi. Duniya ta riƙe labarin ƙwan. Mutanen nan kuwa maganar da ya yi kafin ƙwan suka riƙe, kuma a kanta suka haƙura da abin da ba kowa zai haƙura da shi ba. Kohl ya rasu a 2017. Alkawari kaya ne, kuma wanda ya gaji kujera ya gaji kayan da ke ɗaure da ita. Ba da sunan gidansu ya yi maganar ba, da sunan ofishin da kake zaune a ciki yau ya yi ta.

Na san amsar da ake shirya mana, don mun sha jin ta: wannan shawarar kamfani ce mai zaman kansa, gwamnati ba ta sarrafa roba, kasuwa ce ke yanke hukunci. To, Yallaɓai, ina so ka nuna mini shekara ɗaya tak a tarihin Buna da kasuwa ta riƙe ta ita kaɗai.

Gwamnatin Hitler ce ta buƙace ta. A 1936 kamfanin IG Farben ya aza harsashinta a bakin kogin Saale, tsakanin Halle da Merseburg, domin ana shirin yaƙi kuma ana son tayoyin da ba su dogara da ƙaron itacen roba na ƙetare ba. A 1937 aka fara fitar da kaya. Robar ta fi ta itace tsada, amma gwamnati ta tsaya mata. Da yaƙi ya yi zafi aka cika ta da mutanen da aka kamo daga ƙasashen da aka mamaye, suna aikin dole, kuma wannan kamfani dai shi ya gina ƙanwarta a Monowitz, gefen sansanin kisan gilla na Auschwitz. A 1945 Amurkawa suka fara shigowa, suka fita, sojojin Tarayyar Sobiyet suka karɓa, suka kwance abin da suka kwance a matsayin diyyar yaƙi, suka riƙe sauran a matsayin kamfaninsu. Suna riƙe da ita aka yi boren 17 ga Yunin 1953, ranar da ma'aikatan Buna da na maƙwabciyarta, masana'antar sinadarai ta Leuna, suka ajiye aiki suka yi tattaki zuwa Merseburg, har sai da aka fito musu da tankokin yaƙi. A 1954 aka miƙa ta ga Jamus ta Gabas, ta zama kamfanin gwamnati, ko kuma kamar yadda aka rubuta a allon ƙofa, mallakar jama'a.

Daga nan ne ta zama abin da dattawan unguwarmu ke nufi in sun ce Buna. A Nuwamban 1958 Walter Ulbricht, jagoran Jamus ta Gabas, ya tara babban taron sinadarai a Leuna, aka fito da taken cewa sinadarai na kawo abinci da wadata da kyau. Ƙasa ce da ba ta da ƙarfe ishasshe, ba ta da katako ishasshe, ba ta da kuɗin ƙetare, sai kwal mai ruwan ƙasa da gishiri da dutsen farar ƙasa. Sai aka ce to a yi komai da roba. Bokiti, kwano, cokalin ƙwai, shimfiɗar daɓe, bututun ruwa, rigar waya, tafin takalmi, kayan wasan yara. Buna ba ta cika ƙera waɗannan da kanta ba, ita ce ke samar da ɗanyen kayan, garin PVC da ƙwayoyin folistirin da robar taya, sauran masana'antu su narka su zuba a mazubi. Duk wanda ya bi babbar hanyar mota daga Berlin ya nufi kudu a wancan zamani ya ga allon nan mai fitilu a gadar kogin Elbe kusa da Vockerode, mai tallan robobin Schkopau. Allon yanzu yana gidan tarihi a Berlin, tafiyar ƙafa daga ofishinka. An adana allon da kyau, ba laifi.

Ba zan yi wa tsohuwar Buna kwalliya ba, su ma waɗanda suka yi aiki cikinta ba sa yi mata. Tushen aikinta kabaid ne, irin wanda masu walda ke jiƙawa su sami iskar hura wuta. Ana ɗauko dutsen farar ƙasa daga Rübeland a tsaunukan Harz, a ƙona shi, a haɗa da gawayin kwal, a zuba a tanderun lantarki mai zafin da ya kai maki 2,000, a sami kabaid, a zuba masa ruwa ya ba da iskar asitilin, daga ita a gina sauran sinadarai. Yammacin Jamus ta bar wannan hanya ta koma man fetur tun shekarun 1960. Buna ta ci gaba da ita har ta zama babu masana'antar kabaid da ta kai ta girma a duniya, tana fitar da abin da ya kai tan miliyan ɗaya a shekara, tana shan lantarki kamar babban birni. Farar ƙura ta lulluɓe rufin gidaje da ganyen itatuwa a ƙauyukan gefe. Kogin Saale ya koma magudanar ƙazanta. A sashen kulorin da zaiba ake aiki, tana zuba a ƙasa, tana shiga jinin mutane, kuma a shekarun 1980, da ma'aikata suka riƙa gudun wuraren nan, sai aka riƙa tura fursunoni da samarin da suka ƙi ɗaukar bindiga a aikin soja. Jam'iyya mai mulki ta san da haka, jami'an leƙen asiri na Stasi sun rubuta a takardunsu, amma cika adadin da aka tsara daga Berlin ya fi huhun mutum daraja. Ko sabon sashen PVC da aka buɗe a 1980 kamfanonin Yamma ne suka gina shi, Hoechst da Uhde, bashi, ana biya da robar da aka sarrafa.

Wannan duk gaskiya ne. Ga ɗaya gaskiyar kuma. A 1989 mutum kusan 18,000 ne ke shiga ƙofofin Schkopau. Masana'antar na da asibitinta, da gidajen renon yaranta, da makarantar koyon sana'a, da ƙungiyoyin wasanni, da gidajen hutu, da katon gidan al'adu inda ake kawo wasan kwaikwayo da kiɗa. Unguwar da nake zaune ma dominsu aka gina ta: a 1964 aka aza harsashin Halle-Neustadt a matsayin garin ma'aikatan sinadarai, jirgin ƙasa na kwashe su da asuba ya sauke su a Buna da Leuna, ya dawo da su da yamma. Ta taɓa ɗaukar mutum sama da 90,000. Yau kusan rabin haka ne suka rage. Mata da yawa a nan injiniyoyi ne da masu kula da injina tun lokacin da a Yamma doka ba ta gama sakar wa matar aure mara ta yi aiki yadda take so ba. Mutanen da suka riƙe injinan zamanin Hitler suna aiki har shekara 50, da waya da dabara da kayan gyaran da suka ƙera da hannunsu, ba malalata ba ne, kuma ba jahilai ba ne, ko da yake bayan 1990 an sha yi musu kallon haka.

Sai aka zo ciniki, kuma a kan cinikin nan ne nake son ka tsaya ka saurare ni. Ranar 1 ga Yulin 1990 kuɗin Yamma ya shigo, ranar da Kohl ya yi wa jama'a albishir a talabijin cewa yankunan Gabas za su yi fure. Dare ɗaya kayan Buna suka yi tsadar da babu mai saye, kasuwannin ƙasashen gurguzu kuma suka watse. Hukumar Treuhand, wadda aka kafa don sayar da kamfanonin gwamnatin Gabas, ta karɓi masana'antar tare da wasu kamfanoni kusan 8,500 masu ma'aikata miliyan 4. Ba a tambayi jama'ar da aka ce su ne masu ita ba, balle a ba su ko takardar hannun jari ɗaya. A 1991 aka kashe tanderun kabaid na ƙarshe. Aka fara sallama, dubu bayan dubu: wannan a tura shi ritayar dole yana ɗan shekara 55, wancan a sa shi a aikin wucin gadi na rushe sashen da ya yi rayuwarsa a ciki, matasa kuwa su haɗa jaka su nufi Bavariya. Abin da aka ce musu shi ne: ku haƙura da yawa, za a tsirar da zuciyar. Za a rage ku, amma za a bar cibiya mai ƙarfi wadda 'ya'yanku da jikokinku za su ci abinci a jikinta.

A 1995 aka haɗa Buna da masana'antar Böhlen da wani sashe na Leuna, aka miƙa wa Dow. A 1996 Hukumar Tarayyar Turai ta amince da tallafin gwamnati na Mak (kuɗin Jamus na lokacin) biliyan 9.5, don sabbin injina, da cike giɓin asara na shekarun farko, da share dafin da ke ƙasa. Guraben aikin da aka tsirar ba su wuce 2,000 da 'yan ɗaruruwa ba. Kai lauya ne, amma lissafin ba ya buƙatar akanta: sama da Mak miliyan 4 kan kowane gurbi. Ba Midland ce ta biya ba. Direban bas na Dortmund ne ya biya, da ma'aikaciyar jinya ta Rostock, da su kansu waɗanda aka sallama. A 2000 Dow ya mallaki komai.

Zan faɗi alherin da aka yi, don kada a ce na ci amanar gaskiya. An rushe tsofaffin sassa, an gina sababbi. An daina aiki da zaiba. An shimfiɗa bututu mai tsawon kilomita kusan 430 daga tashar ruwa ta Rostock zuwa Böhlen don kawo nafta. Rufin gidaje ya dawo da launinsa, kifi ya dawo Saale. An buɗe fili a Schkopau, wasu kamfanoni suka zo suka kafa sassansu a gefe. Kusan shekara 30 kenan ana aiki, ana cin riba, ana koyar da yara sana'a. Amma a cikin waɗannan shekaru kuma an riƙa yanka ana sayarwa: sashen folistirin da robar taya ya fita daga hannun Dow a 2010, na folifurofilin ya koma hannun Braskem ta Brazil a 2011, robar taya da aka kafa Buna dominta ta ƙare a hannun Synthos ta Poland a 2021. Kowane yanki da sabon maigida, amma duka jingine suke da juna ta bututu.

Wannan ne abin da adadin 550 ke ɓoyewa. Tukunyar Böhlen, wadda ke aiki tun tsakiyar shekarun 1970, ita ce ke ɗaukar nafta ta fasa ta da zafi, ta fitar da etilin da furofilin da sauran abin da ake gina roba da su. Daga nan bututu ke rarraba su zuwa Schkopau da Leuna, ana adana wani a ramukan gishiri na Teutschenthal. Abin da ya zama shara a wannan sashe shi ne abincin wancan. Kulorin da etilin su ke haɗuwa su ba da binil, binil ya ba da PVC. Tashar lantarki ta Schkopau na ba su tururi. A bayan kowane ma'aikacin Dow akwai mai walda, da mai ɗaure ƙarafan hawa, da direban tanka, da mai gyaran famfo, da mai sayar da burodi a bakin ƙofa, waɗanda sunansu ba ya cikin 550 ɗin. Tukunyar nan kamar rijiyar unguwa take: mai ita ɗaya, masu sha da yawa. Mai rijiya na iya cewa ya gaji da yasa, ya sayar, ko ya ba da haya, ko ya bar wa masu ƙarfi. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne ya cike ta da ƙasa don kada maƙwabci ya sayar da ruwa, alhali da kuɗin unguwa aka ɗaure mata baki. Kundin tsarin mulkinku ma ya faɗi haka a sashe na 14: dukiya na ɗauke da nauyi, kuma amfani da ita ya kamata ya amfani jama'a. Ba Ulbricht ya rubuta wannan ba, a Bonn aka rubuta shi a 1949.

Kuma kada a ce mana gwamnatin tarayya ba ta sa hannu a harkar kamfani. A 2020 an fitar da Yuro biliyan 9 an tallafi kamfanin jiragen sama na Lufthansa, gwamnati ta karɓi kashi 20 na hannun jarinsa, jam'iyyarka ce ke mulki. A ƙarshen 2022 an mayar da kamfanin makamashi na Uniper da ke Düsseldorf hannun gwamnati kusan ɗungurungum. A 2024 tarayya da jihar Lower Saxony sun sayi kusan kashi 80 na Meyer Werft a Papenburg, masu ƙera jiragen ruwan yawon shaƙatawa. Jiragen shaƙatawa, Yallaɓai. Ban yi baƙin ciki da ko ɗaya ba, Allah ya sanya alheri. Sai dai in ka ɗauki taswira ka sa ɗigo a kan kowannensu, za ka ga gefen da ɗigon ya taru, kuma mutanen nan sun iya duba taswira. Ko a Gabas ɗin, da aka ga matatar mai ta Schwedt na neman tsayawa a 2022, cikin 'yan watanni aka samo dokar da ta sa hannun jarin Rosneft, kamfanin man Rasha, a ƙarƙashin riƙon gwamnati. Ashe in an so, ana iyawa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne kai ne a kujerar. Da wani ne da bai san bambancin etilin da man gyaɗa ba, da na yi masa uzuri. Kai kuwa daga 1986 zuwa 1989 lauya kake a ƙungiyar masu masana'antun sinadarai ta Jamus. Ka shugabanci ƙungiyar Atlantik-Brücke shekara 10, aikinka kenan ƙulla zumunci da manyan Amurka. Ka shugabanci hukumar sa ido ta kamfanin zuba jari na Amurka, BlackRock, reshen Jamus. Ministarka ta tattalin arziki, Katherina Reiche, haifaffiyar Luckenwalde ce a Jamus ta Gabas, kuma ilimin sinadarai ta karanta. In akwai gwamnatin da ta san lambar wayar da za a kira a Midland, da irin maganar da ake yi in an ɗauka, taku ce. A watan Yunin 2025 ka je Fadar White House, ka kai wa Donald Trump kwafin takardar haihuwar kakansa cikin firam, aka yi raha, aka ɗauki hoto. Lokacin nan sunan Böhlen na kan tebur tun Afrilu. Wata ɗaya bayan dawowarka sanarwa ta fito.

A yarjejeniyar ƙawancenku da jam'iyyar SPD kun rubuta, baƙi a kan fari, cewa za ku mayar da Jamus wurin da ya fi ko'ina a duniya ƙirƙira a fannin sinadarai da magunguna. Kun ce za ku tsara wata manufa ta sinadarai mai suna 2045. Madalla da hangen nesa. Tukunya za ta mutu a 2027, masu rushewa za su gama a 2029, manufa kuma ta nufi 2045. Wa za ta tarar? Injin irin wannan in ya huce aka yanka bututunsa, ba a sake hura shi. Babu wanda zai zo ya zuba biliyoyi ya gina sabo a tsakiyar ƙasa, nesa da teku, bayan masu sayen kayan sun watse. Masu koyon sana'a ma sun fi ku saurin lissafi: yaron da ya gama makaranta bana ba zai shiga koyon aikin shekara uku da rabi a wurin da aka sa wa ranar mutuwa ba.

Na san matsalar ba ƙirƙira ba ce. Tun da Rasha ta auka wa Yukren a Fabrairun 2022 iskar gas mai araha ta yanke, man da ke zuwa ta bututun Druzhba ma aka daina karɓarsa daga Rasha. A Amurka da ƙasashen Larabawa da iskar gas mai arha suke fasa etilin, Sin ta gina sassan da suka fi buƙatarta, kasuwar motoci da ta gine-gine a Turai ta yi sanyi, ga kuɗin hayaƙi da ake biya. Ba kai ka jawo wannan ba. Amma kai ne ka nemi ƙuri'a da cewa ka fi kowa sanin tattalin arziki, ku ne kuka rubuta cewa za ku rage farashin lantarki da aƙalla santi 5 kan kowane kilowat na awa ɗaya, ga kamfanoni da gidaje baki ɗaya, sannan kafin rani ya ƙare kuka ce rage harajin lantarkin bai kai ga gidaje ba, babu kuɗi. Wannan kuwa bayan an gyara kundin tsarin mulki a watan Maris na 2025 an buɗe asusun Yuro biliyan 500. A watan Yulin da Dow ya yi sanarwarsa, kamfanin Intel na Amurka ma ya janye daga shirin gina masana'anta a Magdeburg gaba ɗaya, bayan an ware masa tallafin kusan Yuro biliyan 10. Jiha ɗaya, wata ɗaya, mari biyu. Kuɗin da aka yarda a ba baƙon da bai aza ko bulo ɗaya ba, ashe ba za a iya samun ɗan yankinsa don masana'antar da ke tsaye tana aiki ba?

Don Allah, Yallaɓai, ka dubi mutanen nan. Na fito daga Kaduna, na ga abin da ya sami Kakuri bayan masaƙar KTL, wadda aka buɗe a 1957, ta rufe a 2002, sauran suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Ba ranar rufewa ake ganin ɓarnar ba. Bayan shekara biyar ake gani, in mai abinci ta tashi, mai gidan haya ya rasa ɗan haya, yaran da suka taso ba su taɓa ganin ubansu ya fita aiki da safe ba. Mutanen Halle da Merseburg sun riga sun sha wannan sau ɗaya. Wanda aka sallama a 1992 yana ɗan shekara 40, yau ya haura 70, fanshonsa ya ƙanƙance saboda shekarun da ya yi ba aiki, abin da kawai yake taƙama da shi shi ne jikarsa na aiki a ɗakin sarrafa injina a Schkopau. Ita ce ribar haƙurinsa. Yanzu kuma a ce masa ita ma ta haɗa jaka?

Akwai sauran ƙorafi, amma ba zan tsawaita ba. Gidan al'adun Buna na nan a yashe, ruwa na cin sa. Dafin da ke ƙarƙashin ƙasa bai ƙare ba, kuma ya kamata a faɗa mana wanda zai ci gaba da biyan kuɗin tace ruwan in masu wurin sun ragu. Tashar lantarki ta Schkopau an sa mata 2034, da ita da mahaƙar kwal ta Profen. Zaɓe kuma ka fi ni sani: a Fabrairun 2025 jam'iyyar AfD mai adawa da baƙin haure ta sami kusan kashi 37 a jiharmu ta Saxony-Anhalt, zaɓen jiha kuma aka sa shi a Satumban 2026. Ni baƙar fata ne, na san wanda ake fara harara a tashar jirgi in aiki ya yi wuya, don haka wannan lissafi a jikina yake, ba a jarida ba. Amma ba don tsoron wata jam'iyya nake so ka motsa ba. Bashi ne, a biya shi ko da zaɓe ko babu.

Abin da nake nema bai fi ƙarfinka ba. Ka ɗauko kwangilar 1995 da duk abin da aka ƙulla a kanta, a buɗe wa majalisa da jama'a, mu ga abin da aka ba Dow da abin da aka ɗora masa, da ranar da nauyin ya ƙare in ya ƙare. Ka kira shugaban kamfanin kai da kanka, ba ƙaramin sakatare ba, ka gaya masa cewa gwamnatin Jamus ba za ta zuba ido a rushe tukunyar Böhlen ba muddin akwai mai son karɓa, kuma a buɗe littattafai ga duk mai son ya duba. In mai saye na buƙatar lokaci, tarayya da jihohin Saxony da Saxony-Anhalt su riƙe wurin na wucin gadi, yadda aka yi wa wasu. A zauna da ƙungiyar ƙwadago ta IG BCE da kamfanonin da ke jingine da bututun, a faɗa musu farashin lantarki da na gas da za su iya dogara da shi na shekara 10, da lamba, ba da siffa ba. In kuwa kun riga kun yanke cewa Jamus ta haƙura da sarrafa tushen sinadarai a yankin nan, to ka zo ka faɗa da bakinka a gaban ma'aikata. Daga Berlin zuwa Halle awa ɗaya da 'yan mintuna ne a jirgin ƙasa, daga Halle kuma taragon titi mai lamba 5 na bi ta Schkopau.

Kamfanonin da ke shan etilin ɗin Böhlen ba za su jira 2027 ba. A kasafin da suke rubutawa yanzu ne za su yanke ko su gyara injinansu a nan ko su kai jarin wani wuri, don haka amsar da za ta yi amfani ita ce wadda ta zo kafin su rufe littafin bana.

Huta lafiya.

Naka,
wani mazaunin Halle-Neustadt